Masu Riƙon Dukiyar Sarki Dauda

  

In damana ta yi kyau, daga Dogonkirya har Dumega za ka ga damman hatsi jibge a bakin rumbuna. Maigida ya ƙirga nasa, ya zuba, ya rufe. Wannan rumbu nasa ne, ba mai tambayarsa. Amma akwai wani rumbu wanda ba na mutum ɗaya ba ne. Shi ne mangazar gari, wadda ake kira bankin cimaka. Akwai kuma asusun ƙungiyar mata, da kuɗin gyaran rijiya. Waɗannan na kowa da kowa ne. To, wa za a ba mabuɗi? Wannan tambaya ta raba abokai, ta raba dangi a garuruwa da yawa.

Tambayar tsohuwa ce. Shekara wajen 3000 da suka wuce wani sarki ya yi fama da ita. Ka san sunansa, gama ana sa wa yaranmu shi. Shi ne Dauda, sarkin Bani Isra'ila. Yau za mu duba yadda ya raba riƙon dukiya, da mutanen da ya ba, da abin da ya same su. Daga nan mu dawo gida Arewa.

WANE NE DAUDA?

Musulmi suna ce masa Annabi Dauda, mai Zabura. Kirista da Yahudawa suna karanta labarinsa a littattafansu. Kowa ya san shi ne ya kashe Jaluta, wanda wasu ke kira Goliyat.

An haife shi a Baitalami. Shi ne auta a gidan ubansa Yesse, aikinsa kuwa kiwon tumaki. Ka riƙe wannan da kyau. Tun yana yaro ya san nauyin riƙon abin wani, gama tumakin na ubansa ne. In ɗaya ta ɓace, shi za a tambaya.

Ya hau sarauta wajen shekara 1010 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi shekara 40 yana mulki. Shekara 7 ya yi a Hebron, 33 a Urushalima, birnin da ake kira Ƙudus. Ƙasar ba ta da girma. Daga garin Dan na arewa zuwa Biyersheba ta kudu kusan tafiyar Dogondutsi zuwa Yamai ce. Damanarsu tana zuwa lokacin ɗarinmu. Suna noman alkama da sha'ir, suna da inabi da zaitun da ɓaure, suna kiwo kamar mu.

A shekarar 1993 masu haƙa don binciken tarihi suka tono wani fasasshen dutse a kufan garin Dan. An yi rubutu a jikinsa fiye da shekara 100 bayan rasuwar Dauda, an kuwa ambaci gidan Dauda a ciki. Wanda ya sa aka rubuta abokin gāban gidan ne. Ashe har maƙiya sun san sunan.

Labarin da za mu bi yana cikin Littafi Mai Tsarki, a littattafan Sama'ila da littafin Tarihi na farko. Shi littafin Tarihi an rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan Dauda, bayan Yahudawa sun komo daga bauta a Babila. Mutanen da suka rasa ƙasarsu, suka dawo suna gina ta daga tushe, su ne suka zauna suka tattara sunayen masu tsaron rumbu na dā. Sun ga abin yana da amfani gare su.

MUTUM GOMA SHA BIYU

A sura ta 27 ta littafin Tarihi na farko an jera sunayen mutum 12 masu lura da dukiyar sarki. Sunayen suna da wuyar faɗi. Karanta su a hankali, ba gaggawa.

Azmawet shi ke riƙe da taskar sarki a birni. Jonatan ɗan Uzziya shi ke riƙe da rumbunan da ke karkara, da garuruwa, da ƙauyuka, da hasumiyoyin tsaro. Ezri shi ne shugaban masu noman gandun sarki. Mu da sai mu ce masa sarkin noma.

Shimai yana lura da gonakin inabi. Zabdi yana lura da ɗakunan ajiyar ruwan inabi. Ba'al-hanan yana lura da itatuwan zaitun da na ɓaure. Yowash yana lura da ɗakunan ajiyar mai.

Shitrai yana da shanun da ke kiwo a filin Sharon, kusa da teku. Shafat yana da shanun da ke cikin kwaruruka. Obil yana da raƙuma. Yedaiya yana da jakuna. Yaziz yana da tumaki da awaki.

Ƙirga su da yatsa, ka ga ko sun cika 12.

Watakila ka ce: mene ne amfanin wannan jeri? Ai ba yaƙi a ciki, ba abin mamaki. To, sake dubawa. Akwai abubuwa a ɓoye.

Ga na farko. Kowane abu yana da mai shi, mai shi kuma yana da suna. In raƙumi ya rame, ba a cewa laifin fada ne. A kira Obil. In mai ya ragu a tulu, a kira Yowash. Kai ma ka sani, akuyar da ake cewa ta gari ce ita ke kwana da yunwa, don kowa yana zaton wani ya ba ta dusa.

Ga na biyu. Mai lura da gona dabam, mai lura da ajiya dabam. Shimai yana gonar inabi, amma abin da ya fito daga gonar yana hannun Zabdi. Ba'al-hanan yana wurin itatuwa, amma mai yana hannun Yowash. Wanda ya kawo ya san abin da ya kawo. Wanda ya karɓa ya san abin da ya karɓa. In ɗaya ya so ya rage, ɗayan shaida ne a kansa. Ba a tara noma da awo da mabuɗi a hannu ɗaya ba.

Ga na uku. Ko jaki ba a raina shi ba. An rubuta sunan mai jakuna a jeri ɗaya da mai taskar birni. A wannan sura ɗin aka rubuta sunan Yowab, sarkin yaƙi. Sojan da ba a kai masa gari da ruwa ba, ba ya yaƙi. Jaki kuwa shi ke kai su.

AIKI GA MAI IYAWA

Yanzu dubi mutum biyu cikin jerin. An ce Obil Ba'isma'ile ne, wato daga zuriyar Isma'ila, mutanen hamada. An ce Yaziz Bahagare ne, daga wata kabilar makiyaya ta gabashin Kogin Urdun. Su biyun baƙi ne cikin Bani Isra'ila. Littafin ma ya faɗa a wani wuri cewa an yi yaƙi da Hagarawa a zamanin Saul, sarkin da ya riga Dauda.

Duk da haka aka ba Obil raƙuma, aka ba Yaziz tumaki. Dauda yana da ƴan'uwa da ƴaƴan ƴan'uwa da yawa. Amma raƙumi bai san dangin sarki ba. Ya san mai gane ciwonsa, mai sanin inda rijiya take.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare ka. Manomi a Matankari ko Kore Mairuwa in ya sayi saniya, sau da yawa Bafillace yake ba kiwo. Mai raƙumi yana neman shawarar Buzu. Ka san kuma al'adar habbanaye ta Fulani. Mutum ya ba ɗan'uwansa aron saniya, ya riƙe ta har ta yi haihuwa, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma wurin mai ita. Ba takarda, ba alƙali. Amana ce ke riƙe da abin.

Amma in aka zo zaɓen ma'ajin gari, sai mu manta. Sai a ce a ba ɗan wane, don gidansu babba ne. Ba a tambaya ko ya iya lissafi. Ba a tambaya ko ya taɓa mai da bashi.

RUMBUN SARKI DABAM, NA IBADA DABAM

Sura ta 26 ta ba da wani jeri. Waɗannan su ne masu riƙon dukiyar da aka keɓe domin ɗakin Allah. Daga kabilar Lawi suke. Wani mai suna Shelomit da ƴan'uwansa su ke riƙe da abin da sarki da shugabannin yaƙi suka keɓe daga ganima. Azmawet mai taskar sarki ba ya cikinsu. Aljihu biyu ne, masu riƙo biyu ne.

Masu tsaron ƙofofi kuma, da kuri'a aka raba musu ƙofa. Babban gida da ƙaramin gida duk ɗaya. Ba wanda zai ce an yi masa son kai.

Sojoji ma an raba su kashi 12, kowane kashi da watansa. Su zo su yi wata guda, su koma gida, wasu su karɓa. Ka ga ba a ɗauke mutum daga gonarsa shekara cur.

Akwai wata doka da Dauda ya kafa tun bai zama sarki ba. Wata rana mahara suka ƙone garin Ziklag inda yake zaune, suka kwashe mata da yara. Ya bi su da mutum 600. Da suka kai rafin Besor, mutum 200 suka gaji, suka kasa hayewa. Aka bar su wurin kaya. Sauran 400 suka ci mahara, suka komo da ganima. Sai wasu suka ce kada a ba masu zaman kaya kome, sai matansu da ƴaƴansu. Dauda ya ƙi. Ya yanke cewa rabon mai tsaron kaya daidai yake da rabon mai shiga yaƙi. Dokar ta zauna a Isra'ila.

Wannan magana ta shafe mu. Mai tsaro ma'aikaci ne. In ka ba mutum mabuɗin mangaza, ya bar gonarsa yana awo daga safe har azahar, ba ka yanka masa kome a fili ba, to ka sa shi cikin jarraba. Wata rana zai yanka wa kansa a ɓoye.

RANAR GWAJI

Ana cikin daɗi kowa amintacce ne. Sai wahala ta zo ake gane mutum.

Absalom ɗan Dauda ya tayar wa ubansa. Ya saye zukatan mutane, ya naɗa kansa sarki a Hebron. Dauda ya fita daga Urushalima yana kuka, ba takalmi a ƙafarsa. A ranar nan aka ga halin mutum huɗu.

Na farko Ahitofel, babban mashawarcin sarki. Ana ɗaukar shawararsa kamar yankan wuƙa. Da ya ga iska ta juya, ya koma wurin Absalom. Ya ce a ba shi mutum 12000 ya bi Dauda a daren nan, tun yana gajiye.

Na biyu Hushai, wanda ake kira abokin sarki. Ya so ya bi Dauda, amma Dauda ya mai da shi birni don ya rushe shawarar Ahitofel. Ya tafi, ya sa ransa a hatsari. Ya rinjayi Absalom ya dakata, ya aika wa Dauda ya haye Kogin Urdun da dare. Da Ahitofel ya ga an ƙi shawararsa, ya koma garinsu, ya shirya gidansa, ya rataye kansa. Kowa ya ci amana, amana za ta ci shi.

Na uku Ziba. Labarinsa ya fi kusa da mu, bari mu tsaya a kansa. Sarki Saul ya bar jika mai suna Mefiboshet. Gurgu ne, gama ya faɗi daga hannun mai renonsa yana ɗan shekara 5. Dauda ya mayar masa da gonakin kakansa. Ya sa Ziba, tsohon baran gidan Saul, ya noma gonakin ya riƙa kawo amfanin. Ziba yana da ƴaƴa maza 15 da bara 20. Wakili ne, riƙo aka ba shi.

Ranar gudu Ziba ya tari sarki a hanya da jakuna biyu ɗauke da gurasa 200 da ƴaƴan itace da abin sha. Sarki ya tambayi ina maigidansa. Ziba ya ce ya zauna a birni yana jiran a mayar masa da sarautar kakansa. Dauda yana cikin ɓacin rai. Nan take ya ba Ziba dukan gonakin.

Da aka ci yaƙi sarki ya komo, sai ga Mefiboshet. Tun ranar da sarki ya fita bai gyara gemu ba, bai wanke tufa ba. Ya ce ya nemi a ɗaura masa jaki ya bi sarki, baransa ya yaudare shi, ya tafi ya ɓata masa suna. To, ga magana biyu, ba shaida. Dauda ya ce su raba gonakin biyu.

Ka ga abin da jin baki ɗaya ya jawo. Wakili ya wayi gari da rabin gonar maigidansa. Kyautar da aka kawo a lokacin yunwa ta rufe ido. Gurgu ba ya iya zuwa ya kāre kansa, mai ƙafa ya riga shi. Haka take faruwa da gonar maraya, da ta gwauruwa, da ta ɗan'uwan da ya tafi cin rani ya bar ta a hannun wani.

Na huɗu Barzillai, tsoho mai shekara 80, mai arziki. Shi da wasu mutum biyu suka kai wa Dauda da jama'arsa shimfiɗu, da tukwane, da alkama, da sha'ir, da wake, da zuma, da tumaki, da cuku. Bayan nasara sarki ya ce ya zo fada a riƙe shi. Ya ƙi. Ya ce ya tsufa, a bar shi ya mutu a garinsu kusa da kabarin iyayensa. Ziba ya kawo abinci ya tafi da gona. Barzillai ya kawo abinci ya koma gida hannu wofi, sunansa kuwa bai ɓace ba har yau.

SARKI MA AJIYA AKA BA SHI

In babba yana ci, ba ya iya hana ƙarami. To, shi Dauda yaya ya ɗauki dukiyar da ke ƙarƙashinsa?

Malaman Musulunci suna karantar da cewa Annabi Dauda yana ƙera sulke, kuma daga aikin hannunsa yake ci. Littafin Tarihi ya ba da wani labari mai kama da wannan. Dauda ya so wani masussuki domin ya gina wurin hadaya. Mai wurin, Ornan, ya ce ya ba shi kyauta, har da shanu da itace. Dauda ya ƙi karɓa. Ya ce ba zai miƙa wa Allah abin da bai biya ba. Ya biya kuɗin wurin. A nan ɗansa Sulemanu ya gina Haikali daga baya.

Da ya tsufa, ya tara shugabannin jama'a, har da masu lura da dukiya da dabbobi. Ya fara ba da nasa na kansa domin ginin, sa'an nan ya nemi su bayar. A addu'arsa ta ranar ya shaida cewa dukan abin da suka bayar daga wurin Allah ya fito, su baƙi ne a duniya, kwanakinsu gajeru ne. Wato Obil yana riƙe wa sarki raƙuma, sarki kuma yana riƙe wa Mai duka ƙasa. Kowa akwai mai tambayarsa.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Tsari mai kyau ba ya tsare kansa. Bayan rasuwar Sulemanu jama'a suka zo wurin ɗansa Rehobowam. Suka roƙa a rage musu nauyin aikin dole. Dattawa suka ce ya saurare su. Samarin da ya tashi tare da su suka ce ya ƙara. Ya bi samari. Da ya aiki Adoram, shugaban aikin dole, jama'a suka jajjefe shi ya mutu. Kabila 10 suka ɓalle. Ƙasar ta rabu biyu wajen shekara 930 kafin haihuwar Annabi Isa.

Bayan shekara 100 da wani abu, wani jikan Dauda mai suna Yowash yana sarauta a Urushalima. Haikali ya tsattsage. Sarki ya ce firistoci su riƙa karɓar kuɗi su yi gyara. Har shekararsa ta 23 a sarauta ba a gyara kome ba. Kuɗi na shiga, bango na nan a tsage. Sai babban firist Yehoyada ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye a fili. Kuɗin da aka kawo, a zuba a ciki. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, su ɗaure a jaka, su ba masu lura da aiki. Aka biya magina da masassaƙa, aiki ya tafi. Ba a sauke mutanen ƙasar an kawo wasu ba. Hanyar kuɗi aka gyara: akwati ɗaya, a gaban kowa, masu ƙirga biyu.

MU DAWO AREWA

Raba riƙo ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tun dā kakanninmu ba su tara kome a hannu ɗaya ba. Sha'anin ƙasa da shuka yana hannun Gubawa, wurin Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji. Sha'anin mulki da yaƙi yana hannun Sarkin Arewa. A Tibiri akwai Samna. A kowane gari akwai sarkin noma, da sarkin fawa, da sarkin maƙera. Kowa da abin da aka ba shi.

A cikin gida ma akwai tsimi. Tsofaffi sun san rumbun da ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci. Yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ta koya musu.

A 1930 fara ta cinye gonaki a yammacin Nijar. A 1931 yunwa ta kashe mutane da yawa, wasu suka gudu Nijeriya. Duk da haka gwamnatin Faransa ta ci gaba da karɓar lanho. Bayan wannan masifa Turawa suka tsananta dokar rumbun tsimi. Kowane gida ya kai damma, a jera rumbuna wuri ɗaya, ba a buɗewa sai da izinin kwamanda. Dabarar tana da kyau a baki. Amma mutane da yawa sun ƙi ta. Hatsin naka ne, mabuɗin na wani, ba ka da bakin tambaya. Sai aka ɗauke shi kamar wani lanho, tare da aikin dole, wanda ba a soke ba sai a 1946. Ka tuna da Rehobowam.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa OPVN a 1970 domin saye da ajiyar cimaka. Sai ga babban fari na 1973. Ƙasashen waje suka aiko da abinci. Talakawa suka yi ta kukan cewa ba ya isowa, ana ganinsa a kasuwa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. Cikin dalilan da suka bayar har da maganar abincin taimako. Ashe rumbu yana iya kayar da gadon mulki.

Bayan farin nan da na 1984, bankunan cimaka suka yaɗu a ƙauyuka. A sayi hatsi da kaka yana da araha, a ajiye, a sayar wa ƴan gari da rangwame in damana ta faɗi rumbuna sun ƙare. Yanzu mabuɗi ya dawo hannun gari. Wasu bankunan sun rayu. Da yawa sun mutu. Abin da ke kashe su sananne ne: bashin da ba a biya, awon da ba a rubuta, da mutum ɗaya mai riƙe da mabuɗi da kuɗi da littafi. Mangaza tana nan da kwanonta, ciki sai jemagu. In watan Yuli ya zo, uwa ta tafi da tiya ta komo da ita wofi. Maigida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani, nasa hatsin ciyawa ta cinye. Yunwar bana ta haifi ta baɗi.

TO, YA ZA MU YI?

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, ba ku da raƙuman sarki. Amma kuna da buhu 50 ko 100 a mangaza, kuma rayukan yara suna rataye da su. Abin da ya yi amfani a gidan Dauda zai yi amfani a nan.

A ba kowane aiki mai shi, a faɗi sunansa a gaban taro. Mai mabuɗi dabam, mai kuɗi dabam, mai rubutu dabam. A sa kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗan a hannu biyu. A zaɓi wanda ya iya, ko baƙo ne, ko mace ce, ko ɗan talaka ne. A yanka wa mai tsaro ladansa a fili. Kada a ƙirga kuɗi sai mutum biyu suna nan. In an kawo ƙarar wani, a kira shi a ji bakinsa kafin a yanke.

Kai da ka iya karatu yanzu, in an buɗe littafin mangaza a taro, matsa kusa ka duba. Buhu nawa ya shiga? Nawa ya fita? Wa ya ci bashi? Tambaya ba zagi ba ce. Ma'aji na kirki yana murna da ranar ƙirga, gama ita ke wanke shi daga bakin mutane.

In kuwa kai aka ba mabuɗi, tuna da mai jakunan nan, Yedaiya. Ba a ce ya ci yaƙi ba. Ba a ce ya gina birni ba. Jakuna aka ba shi ya lura da su, ga shi yau kana karanta sunansa a Arewa.

TAMBAYOYI DON HIRA A AJI

1. Don me aka ba Obil raƙuma, ba a ba ɗan'uwan sarki ba?
2. Wane kuskure aka yi a shari'ar Ziba da Mefiboshet?
3. Mutum nawa ke ƙirga kuɗin akwatin Sarki Yowash? A garinku mutum nawa ke ƙirgawa?
4. Wa ke riƙe da mabuɗin mangazarku, kuma yaushe aka karanta lissafi a gaban jama'a?

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba mu ikon riƙon amana. Sai mun sake saduwa.